Amsa ga mai tambaya kan tsadar inshorar rayuwa da hawan jini

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce shekarunka 46, kana da hawan jini, an yanka maka kuɗin inshorar rayuwa da ya fi na ƙaninka nesa ba kusa ba, har kana tunanin ka je wani kamfanin ka ɓoye ciwon. Don Allah kada ka yi haka. Na daɗe ina aikin inshora, kuma babu abin da ya fi ci mini rai kamar wannan.

Lissafin kamfanonin inshora ɗaya ne: wace irin yiwuwa ce ta su biya magadanka kafin wa'adin inshorar ya cika? Shekaru ne kan gaba. Ɗan 30 da ɗan 46 ba sa biyan kuɗi ɗaya ko da lafiyarsu garau. Sai taba sigari, ƙiba, da ciwon da ke bin dangi. Sana'a ma tana ciki, don direban tanka mai bin hanyar Kano zuwa Legas ba ɗaya yake da malamin makaranta ba. In kuɗin da kake so a bar wa iyali ya yi yawa, za su tura ka awon jini da fitsari.

Shi hawan jini, in ana kula da shi, yawanci ƙarin kuɗi yake jawowa, ba ƙin karɓa ba. Na ga wanda ya zo da katin asibitinsa, an rubuta awonsa wata bayan wata, ga kwalin maganinsa a aljihu. Aka karɓe shi da ɗan ƙari. Na kuma ga wanda ya rubuta "babu" a gurbin ciwon suga alhali ya san yana da shi. Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Kamfani ya nemi fayil ɗinsa na asibiti, gaskiya ta fito. Har yau ina ganin matarsa zaune a ofis, da goyo a baya, takardun a cikin leda, ana yi mata bayanin abin da ya sa ba za a biya ba. Ni na karɓi fom ɗin nan da hannuna, shi ya sa nake roƙonka.

In ma'aikaci ne kai, fara tambaya a wurin aikinka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da ta shafa su yi musu inshorar rayuwa ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Da yawa ba su san suna da ita ba.

In kuma zuciyarka ta fi natsuwa da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, akwai irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, ƙarƙashin kulawar NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora a Nijeriya. Amma su ma za su tambayi lafiyarka.

Ka riƙe maganinka, ka tara sakamakon awonka, ka nemi farashi a wurare biyu ko uku da ciwon a rubuce ɓaro-ɓaro. Kada kuma ka ja lokaci, don baɗi lissafin ɗan 47 za a yi maka. Allah ya ƙara lafiya.