Jini a bayan gida: basir ne ko tsargiyar hanji?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Manomin rani ne ni a yankin Kadawa, kusan kullum ƙafata tana cikin ruwa. Wata huɗu ke nan ina ganin jini da majina a bayan gida, ga murɗar ciki, ga kasala. Na sha maganin basir iri-iri, babu sauƙi. Wani ya ce tsargiya ce, amma fitsarina fes yake. Me ke damuna?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Fitsari fes ba ya kore tsargiya. Wadda aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce ta mafitsara, mai sa yara fitsarin jini. Akwai kuma ta hanji, wadda tsutsar Schistosoma mansoni ke kawowa. Ƙananan 'ya'yanta na fitowa daga wani ƙaramin dodon koɗi da ke rayuwa a ruwa mai tafiya a hankali, su huda fatar mutum yana tsakiyar ban ruwa, bai ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi.

Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da hanji, macen tana saka ƙwai kusan 300 a rana. Ƙwan ne ke ɓarna. Wasu su fita ta bayan gida, wasu su maƙale a bangon hanji, jiki ya kewaye su da kumburi da tabo. Daga nan ne gyambo da ƙananan tsiro ke samuwa, suna tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan har mutum ya ɗashe.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙwan da jini ke kwasa zuwa hanta. Shekara da shekaru suna taruwa, hanyar jini ta matse, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa. Jijiyoyin maƙogwaro su buɗe, wata rana sai aman jini, wanda yakan kashe.

Ka je asibiti a duba bayan gidanka, kuma ka faɗa musu aikinka. Idan gwajin farko bai nuna ƙwai ba, a sake, domin ba kullum ake ganinsu ba. A duba atini ma, alamunsu na kama da juna. Maganin tsargiyar shi ne praziquantel, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha bayan cin abinci. Ba ya hana sake kamuwa, don haka ka nemi dogon takalmin roba na shiga ruwa. Yaran da ke binka gona ma a gwada su. In ka ga aman jini ko baƙin kashi kamar kwalta, kada ka kwana a gida.