Kyanwar Hajiya ba za ta tashi cikin mako uku ba

Yarona, ka tambaye ni ko mu karɓi aikin Hajiyar nan da ke son tafiya da kyanwarta Ingila nan da mako uku, tunda ta ce kuɗi ba matsala ba ne. Koma ka faɗa mata gaskiya cikin ladabi: aikin nan ba ya kasa wata huɗu, kuma ba mu muka yanka lokacin ba.

Ingila da Tarayyar Turai ba su sa Najeriya cikin ƙasashen da suka aminta da su kan ciwon haukan kare ba, kuma kare da kyanwa hukuncinsu ɗaya a wannan babi. Da farko likitan dabbobi zai sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tana ɗauke da lambobi 15. Sai bayan nan a yi mata allurar rigakafi, in ta kai mako 12 da haihuwa. Ka riƙe wannan jerin da kyau. In allura ta riga na'ura, a wurinsu ba a yi allurar ba, domin babu abin da ke nuna cewa wannan dabbar ce aka yi wa. Katin da Hajiya ke alfahari da shi, in babu lambar na'ura a jiki, sai dai a sake sabo.

Bayan allura a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da su suka amince da shi, ba wanda ya fi mana kusa ko arha ba. Ana son sakamako, wato ma'aunin garkuwar da allurar ta samar a jini, ya kai 0.5 ko ya haura. Sannan a ƙirga wata uku cur daga ranar da aka ɗebi jinin. Haukan kare yakan daɗe a jiki bai nuna ba, shi ya sa suke wannan jira, kuma babu roƙon da ke rage ko yini ɗaya.

Akwai wani tarkon da nake so ka sani tun yanzu. In Hajiya ta riga ta tafi, kyanwa ba za ta bi ta haka kawai ba. Dole ta sauka cikin kwana 5 kafin ko bayan mai ita. In aka wuce haka, an koma wata dokar mai wuya.

Takardar lafiya ita ce ta ƙarshe, likitan gwamnati ke sa hannu, kuma kwana 10 ne rak tsakaninta da ranar sauka. Ga kuma iznin fita daga hukumomin Najeriya. Da kare ne, da an ƙara maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin isa. Ingila ba ta yarda dabba ta shigo a cinyar fasinja ba, sai a matsayin kaya mai takardar kansa. In aka sami kuskure, ana iya killace ta har wata huɗu, mai ita ce za ta biya.

Akwatin kuwa, ƙa'idar IATA ce, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya: ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta, iska na shiga, ga mazubin ruwa a ƙofa. A kai mata shi gida tun da wuri ta riƙa kwana ciki. Kada ka taɓa yarda a ba dabba maganin barci don tafiya. Yana sauke mata jini, ta kasa tsayuwa in jirgi ya girgiza, kuma can ƙasan jirgi babu mai duba ta. Rai ne aka ba mu amana, Allah zai tambaye mu.

Ni hanyar mota ta fi damuna fiye da jirgin. Daga nan Bauchi sai an bi ta Jos zuwa Abuja, kuma ka san zafin Maris da Afrilu. A tashi da asuba, akwati a kujera, ba a but ba.

Kada ka ɗauki dokar Ingila ka shafa wa kowa. Amurka tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar kare sai ya kai wata shida. Wanda kuma ya zo maka da aku mai jan wutsiya, turo shi wurina, domin tun 2017 yana sahun farko na kariyar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa.

Gobe ka karɓo katin rigakafin, ka tambayi shekarun kyanwar, sannan ka ji wa zai riƙe ta a gida in Hajiya ta tafi.