Na'urar goge gilashin taga: tana daɗewa kuwa?

Malam, ka tambaya ko na'urar nan mai goge taga da kanta tana ƙarko. Ya danganta da yadda ake kula da ita. Irin su Winbot da Hobot iska suke zuƙa su manne da gilashi, injin zuƙar shi ne ransu. Ƙurar hunturu ce ke gajiyar da su: yashi ya maƙale a ƙyallen da suke gogewa da shi, ya karce gilashi, ya cinye roba. Ni sai na share tagar da busasshen tsumma tukuna.

Batirin ciki na ko-ta-kwana ne, yana riƙe na'urar a jikin gilashi kamar minti 20 in an ɗauke wuta. Shi ke saurin mutuwa in an bar shi watanni ba caji. Igiyar tsaro dai, mai tare na'urar in ta faɗo, ɗaura ta kullum.