Me Ya Kai Ƙasa Saman Abuja A Fihirisa?

Tambaya: Malam, na gama rubuta kundina a Microsoft Word, na haɗa fihirisa a ƙarshe. Sai ga duk kalmomin da suka fara da ƙ da ɗ sun haye can sama, sun riga Abuja. Kwamfutar ce ta lalace? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kai ne ka ba ta tuwo a kwanon miya. Na yi rantsuwa ba kaffara da tsohon font ɗin Hausa ka buga kundin nan, irin wanda ake danna } ya fito kamar ƙ, a danna ] ya fito kamar ɗ. Idonka ne kawai ke ganin ƙugiya. Word ba ya duba surar harafi, lambar da ke ƙarƙashinsa yake karantawa, a wurinsa "}asa" ka rubuta. Tsarinsa kuwa alamomi ne a gaba, sai lambobi, sannan haruffa. To ina laifinsa?

Shekara nawa ina wannan wa'azi? Haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne yana da gurbinsa a Unicode, tsarin duniya da ya ba kowane harafi lambarsa, amma har yau a shagunan buga takardu na bakin jami'a sai ka tarar da yaro yana dannan } da ]. Ranar da ka tura wa malaminka fayil ɗin, shi kuma ba shi da font ɗin, zai buɗe ya ga "]alibi" tun daga bango. Ka danna Ctrl+H ka musanya su ɗaya bayan ɗaya da haruffan gaske, manya daban ƙanana daban. Ka fara danna Ctrl+Shift+8 don alamomin XE da ke ɓoye su bayyana, wato waɗanda Word ke sa wa kalmomin da ka zaɓa wa fihirisa, su ma gyaran ya shafe su. In ka gama ka sake ɓoye su kafin ka danna F9 a kan fihirisar, in ba haka ba lambobin shafi za su goce. Kuma don Allah ka sa allon rubutun Hausa, ka huta mu ma mu huta.

Tambaya: Me ya sa Babi 10 ya riga Babi 2? Daga wata malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, Word ba lissafi yake yi ba a nan, ɗaya-ɗaya yake bi, 1 kuma ta riga 2. A cikin XE ki sa waƙafi mai ruwa: "Babi 2;Babi 02". Na farko shi mai karatu zai gani, da na biyu za a jera.

Tambaya: Ina so "shara" ta zo bayan "suna", tunda sh harafi ne mai zaman kansa. Daga Tamale.

Amsa: A ajin Hausa haka ne, a wajen Word s ce da h. Dabarar Malama za ka bi: "shara;szara".