Ga ƙanenmu mai tambayar ko akwai aiki a Kano

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya: ka gama bautar ƙasa, kana da digiri a harkar kasuwanci, kana zaune a Azare ba abin yi, kana so ka ji ko ka tattaro ka taho Kano. Wasu sun ce maka Kano tumbin giwa ce, taho kawai. Wasu sun ce ba komai a nan sai wahala. Ni a 2014 na sauka garin nan da jaka ɗaya da ambulan cike da takardu, to bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Aiki akwai, amma ba a inda kake shirin nemansa ba.

Wata takwas na yi ina yawo da takardun neman aiki. Bankunan titin Murtala Muhammad, kamfanonin Bompai, Sharaɗa, har Challawa, babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Ko'ina maigadi ne zai karɓa ya ce za a kira ka. Ranar da na saduda, na koma wani kamfani in ji ko an duba tawa, sai na hango tulin ambulan irin tawa a ƙarƙashin bencin maigadin, ya ɗora butar alwala a kai. Ban ma yi masa magana ba, na juya.

Dattawa za su ba ka labarin lokacin da idan aka tashi daga aiki a Bompai titi ke cika da kekunan ma'aikata. Wannan zamanin ya wuce. Masaƙu sun durƙushe saboda rashin wuta da yadin ƙasar Sin mai araha. Waɗanda ke motsi yanzu su ne na roba, na jimar fata, na man girki, da injinan shinkafa da suka yawaita bayan rufe iyakoki a 2019. Suna ɗaukar mutane, amma akasari leburanci ne ta hannun ɗan kwangila, awa 12 a tsaye, biya mako-mako. Da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, ga tsadar man dizal, irin waɗannan aka fara ragewa. Wanda ba a wasa da shi a kamfani shi ne mai gyaran inji da mai haɗa wuta, don ran da inji ya tsaya har gida ake zuwa ɗaukarsa.

Aikin gwamnati kuwa, ka nema idan an buɗe, amma kada ka jingina rayuwarka a kansa. Jami'ar Bayero (BUK) kaɗai dubbai take yayewa duk shekara, ga jami'ar Wudil, ga ta Northwest, ga kwalejoji, ga irinku masu tahowa daga Jigawa, Katsina da Bauchi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, gudu ka yi. Abokina ya sayar da gonar gado ya bayar, takardar da aka miƙo masa ta bogi ce. Ko ka samu ɗin ma, mafi ƙarancin albashin jiha naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu kaɗai yana cinye kaso mai tsoka. Makarantun kuɗi su ne mafakar kowa. Na koyar a wata makarantar a kan naira 18,000, watan dogon hutu kuma ko sisi.

Babban mai ɗaukar aiki a Kano kasuwa ce: Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Wambai, Farm Centre, Dawanau. Sai dai kasuwa ba ta manna sanarwa. Ni wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa ne ya ga kullum bayan sallar asuba ina zaune ba inda za ni, ya kai ni wurin wani Alhaji mai harkar riɗi da zoɓo a Dawanau. Na zaro takarduna, Alhaji ko kallonsu bai yi ba. Tambaya biyu ya yi: ɗan waye kai, kuma wa zai tsaya maka? Dattijon ya ce shi ne. Shi ke nan tantancewar.

Watan farko aikina tsayuwa a bakin sikeli, ina ƙirga buhunan da 'yan dako ke lodawa a tirela, ƙurar zoɓo ta rine min riga. Ranar da Alhaji ya fara aikena banki, da aka ƙirga sai aka ga kuɗin sun haura abin da ya faɗa da dubu biyar. Na dawo masa da su, ya karɓa ya sa aljihu bai ce uffan ba. Sai bayan shekaru ya gaya min da gangan ya yi. A nan ne kuma digirin ya yi rana. Littafin bashinsa wani tsohon littafi ne da ya sha maiƙo, rabin lissafin ma a kansa yake. Na roƙe shi na kwashe komai na zuba a kwamfuta, muka tono basussukan da shi kansa ya manta. Daga nan ya sakar min takardun mota, hulɗa da banki, da magana da masu saye daga Legas da baƙin da ba sa jin Hausa. 'Yan kasuwa da yawa suna da jari mai kauri, abin da suka rasa shi ne mai ilimin da za su yarda da shi.

Kada in yi maka daɗin baki. Da farko babu albashi tsayayye, sai kuɗin abinci kullum da ɗinkin sallah. Babu fansho, babu hutun shekara, Asabar ma aiki ce. Za a kira ka yaron Alhaji ko da furfura a gemunka. Sallama da jari kuwa ta danganta da tsoron Allah na ubangida. Na san wanda ya yi shekara 12 a shago ya fita hannu rabbana. Saboda haka ka yi bincike a kan mutum kafin ka zauna masa, kamar yadda shi ma zai yi a kanka.

Idan kasuwar ba ta kwanta maka ba, koyi aikin hannu. Masu haɗa sola ba sa zama yanzu, haka masu gyaran waya a Farm Centre. POS dai ta cika tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kowace kwana da lema uku. Akwai kuma masu ɗaukar hoton atamfa da shadda a Kwari su tallata a WhatsApp, su aika ta tasha. Mata sun fi mu iya wannan.

In ka yanke shawarar tahowa, ka fara samun wurin kwana, don hayar ɗaki ta shekara ake biya a dunƙule, kuma ka riƙo abin da zai ɗauke ka wata uku. Ka daidaita zuwanka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da Dawanau ke neman hannu, ko gab da azumi idan Kwari ka nufa. Kafin nan zauna da mahaifinka ku lissafa mutanen Azare da ke kasuwannin Kano, ya kira maka ko mutum biyu a cikinsu.