Ƙanena, ka ce kana son zama kwatabak

Columbus, Oktoba 2024. Assalamu alaikum, ƙanena. Ya jikin Hajiya, ya karatu? Saƙonka na murya ya iso, minti 9 cur, sai da na dawo gida bayan isha'i na saurare shi a tsanake. Ka ce tun watan Satumba kake bin wasan ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i a YouTube, kana son sanin wa nake ganin zai ɗauki kofin bana. Ka ce wani ya gaya maka duk wanda ya iya wasan nan karatu yake yi kyauta, kuma da tsawonka da ƙarfin damtsenka kana ganin za ka iya zama kwatabak, mai jifan ƙwallon. Har ka riga ka zaɓi Colorado saboda kocinta Deion Sanders da ɗansa Shedeur. Na yi dariya, amma ba dariyar raini ba. Ni ma da na sauka Columbus, garin jami'ar Ohio State, ban san komai a wasan ba, ganinsa nake kamar zari-ruga da aka ƙara wa hular kwano. Yanzu ga ni, Asabar ba ta wuce ni.

Bari in fara da abin da ya fi yi maka daɗi. Mun raba kakar 2024 biyu, kuma bana ba irin ta kullum ba ce, domin karon farko ke nan da jami'o'i 12 za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, maimakon 4 da aka saba tun 2014. Zakarun rukunoni 5 da suka fi daraja suna da gurbi kai tsaye, sauran 7 kwamiti ne zai zaɓa. Kwamitin zai fitar da jerinsa na farko ranar 5 ga Nuwamba, ranar zaɓen shugaban ƙasa, kuma ina tabbatar maka a garin nan akwai waɗanda jerin ya fi damunsu. Wasan ƙarshe sai 20 ga Janairu a Atlanta.

Mu nan har yanzu ba mu warke daga daren 12 ga Oktoba ba. Ohio State ta je Eugene, Oregon ta doke ta 32 da 31. Maki ɗaya tal. Saura daƙiƙa 10, kocin Oregon Dan Lanning ya bar mutum 12 a fili maimakon 11. Alƙali ya hukunta su da yadi 5, amma daƙiƙa 4 sun riga sun tafi, su ne kuwa abin da yake so ya ci. Sai Will Howard, kwatabak ɗinmu, ya ruga da ƙwallon ya zube ƙasa don a tsayar da agogo a buga ta da ƙafa a ci maki, ashe agogon ya riga ya kai sifili. Maƙwabcina, dattijo ne ɗan fansho, kwana biyu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Cikin makon hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta toshe wannan dabarar, sai dai aikin gama ya gama. Yanzu Oregon ce ta ɗaya a ƙasa, kuma a ganina ta cancanta. Kwatabak ɗinta Dillon Gabriel ba dogo ba ne, bahago ne, amma ba ya rikicewa idan ƙarti suka rufo shi, yana kuma sakin ƙwallo da wuri.

Kocinmu Ryan Day shi ne abin tausayi. Mutum ne da ba kasafai ake cin sa ba, amma Michigan ta doke shi sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, wannan kuwa a Columbus ya shafe duk wani alheri. Makon wasan Michigan har harafin M ake bi ana rufewa da jan salatif a allunan harabar jami'a. Bana shugaban sashen wasannin jami'ar da bakinsa ya ce kuɗin da 'yan wasan suka samu ta hanyar talla da masu tallafi ya kai wajen dala miliyan 20. Wanda aka kashe wa wannan ba ya da uzuri. Ranar 2 ga Nuwamba za mu Penn State, 30 ga wata kuma Michigan za ta zo mana. Idan ya sake faɗuwa a hannunsu, ban san inda zai sa kansa ba.

A Kudu kuwa, Alabama ce ke koyon rayuwa babu Nick Saban, wanda ya ajiye aiki a Janairu bayan ya ci mata kofin ƙasa sau 6. Magajinsa Kalen DeBoer ya doke Georgia 41 da 34, aka yi ta guɗa, mako ɗaya bayan nan Vanderbilt, wadda rabonta da cin Alabama tun 1984, ta kayar da su 40 da 35. Ɗalibai suka tuge ƙarfen gola suka saɓa shi a kafaɗa har kogin Cumberland suka jefa. Asabar ɗin da ta wuce Tennessee ta ƙara musu, 24 da 17. Kwatabak ɗinsu Jalen Milroe idan yana gudu abin kallo ne, idan aka tilasta masa tsayawa ya yi jifa sai a hankali. A daren nan ne Georgia ta je Austin ta lallasa Texas 30 da 15, duk da kwatabak ɗinta Carson Beck ya miƙa wa abokan hamayya ƙwallo sau 3. Masu tsaron bayan kocin Georgia Kirby Smart ne suka yi aikin, har sai da kocin Texas ya ɗan zaunar da kwatabak ɗinsa Quinn Ewers ya gwada Arch Manning. Indiana, da aka sani da ƙwallon kwando, ta ci wasa 7 ba faɗuwa a hannun sabon koci Curt Cignetti, alhali bara 3 ta ci cikin 12. Florida State da ta ci 13 a jere bara, bana 1 ta ci cikin 7.

In ka matsa mini in faɗi ɗaya, Georgia zan ce, zuciyata kuma tana wurin Ohio State. Miami ba ta faɗi ba tukuna, amma ba na yarda da ƙungiyar da kullum sai an ci ta maki 30 ko 40 sannan kwatabak ɗinta Cam Ward ya ceto ta. Colorado ɗinka tana da daɗin kallo, Travis Hunter kuma yaro ne na daban, yana buga gaba yana buga baya, sai dai kofi ba nata ba ne bana.

To yanzu koma ka dubi sunayen nan da na lissafa, ka ga daga ina suka fito. Gabriel kakarsa ta 6 ke nan a jami'a, ya yi Central Florida, ya yi Oklahoma, sannan Oregon. Howard shekara 4 ya yi a Kansas State. Cam Ward na Miami daga wata ƙaramar jami'a a Texas ya fara, Incarnate Word, ya bi ta Washington State. Diego Pavia na Vanderbilt da ya kunyata Alabama sai da ya bi ta kwalejin shekara biyu a New Mexico domin manyan jami'o'i ba su kula shi ba. Waɗannan da ake cewa sun fito daga ƙasa, su ma tun suna yara suke jifan ƙwallon nan, sun yi ta a sakandare a gaban dubban 'yan kallo daren Juma'a. Aikin kwatabak ba ƙarfin hannu ba ne kawai. Kafin a miƙo masa ƙwallo dole ya karanta tsayuwar mutum 11 da ke gabansa, ya gane wa zai kawo farmaki, ya canza dabara da baki cikin ihun mutum dubu 100, sannan yana da daƙiƙa 3 ko ƙasa da haka kafin wani mai kilo 130 ya danne shi. Koci mai ɗaukar dala miliyan 10 a shekara, wanda faɗuwa biyu kan iya jawo a fara neman kansa, ba zai ɗora abincinsa a kan mai koyo ba. Shi ya sa suke zuwa kasuwar sauya sheƙa su ɗauko wanda ya riga ya goge. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa shekararka 22.

Na san za ka ce ai 'yan Nijeriya sun yi. Sun yi, amma dubi inda suka tsaya a fili. Christian Okoye daga Enugu jifan faifai ne ya kai shi Azusa Pacific, daga baya ya zama mai ruga da ƙwallo a Kansas City. Prince Tega Wanogho ƙwallon kwando ce ta kai shi sakandare a Alabama, aka ga girmansa, Auburn ta ɗauke shi, daga baya ya zama mai tare wa kwatabak. David Ojabo a Nijeriya aka haife shi, ya tashi a Aberdeen, ya koyi wasan yana sakandare a New Jersey, ya zama mai farautar kwatabak a Michigan. Wuraren da jiki da gudu ke iya rufe ƙarancin sani ke nan. Biyun ƙarshen nan kuma ta sakandaren Amurka suka shiga, suna 'yan shekara goma sha, inda masu farautar 'yan wasa suka gan su da ido.

Akwai kuma dokar da mai ba ka labari bai faɗa maka ba. A babban rukunin NCAA shekara 5 ake ba mutum ya buga kaka 4, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ya shiga jami'a a matsayin cikakken ɗalibi, ko a wace ƙasa ce. Kana aji uku yanzu, ke nan agogonka ya daɗe yana tafiya ba ka sani ba. Gurbin karatu kyauta kuma, a kakar 2024, 85 ne ga kowace babbar ƙungiya, yaran Amurka sama da miliyan ɗaya ne ke buga wasan a sakandare suna hangensa. Kuɗin tallan da kake jin ana ambata, mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya iya cin sa a cikin ƙasar yadda ɗan ƙasa yake ci, domin bizar ta taƙaita aikin da za ka yi: awa 20 a mako, a cikin harabar makaranta. Ko 'yan ƙasar ma ba su tsira ba. A watan Satumba kwatabak ɗin jami'ar UNLV, Matthew Sluka, ya ajiye wasa bayan ya ci uku a jere, ɓangarensa na cewa an yi masa alkawarin dala dubu 100 da baki ba a cika ba. Ka tuna da shi duk ranar da wani dillali a Kano ko Abuja ya ce ka kawo kuɗi zai haɗa ka da koci.

Ƙofa ɗaya ce na ga mai ƙwallon ƙafa irin taka yana iya leƙawa, ita ce ta mai bugun ƙwallo da ƙafa. 'Yan Ostireliya sun cika wannan gurbin a jami'o'i da yawa, amma su ma akwai makarantar horo a Melbourne da ke shirya su tana aika bidiyonsu. Ba na so in buɗe maka ita da yawa.

Hanyar da na bi ba ta da ihun 'yan kallo. Digirin farko a babbar jami'ar jiha, ga baƙo, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya sun haura dala dubu 50 a shekara, ka san Baba ba shi da su. Ka gama naka a gida da sakamako mai kyau, ka nemi digiri na biyu ko na uku inda sashe zai ɗauke ka mataimakin koyarwa ko na bincike. Su yafe maka kuɗin makaranta, su ba ka alawus ɗin wata da zai riƙe ka idan ba ka da almubazzaranci. Malamin da zai duba aikinka shi za ka nema, ka karanta abin da ya rubuta, ka aika masa wasiƙa gajeriya mai ma'ana. Idan an ɗauke ka sai takardar I-20 da jami'ar za ta ba ka don neman biza, sai kuɗin rajistar ɗalibai baƙi ta SEVIS dala 350, na biza 185, sai ganawa a ofishin jakadanci. A can idan aka tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan jami'ar, don Allah kada sunan Deion Sanders ya fito daga bakinka.

Ba ina cewa ka daina kallon wasan ba. Ya yi mini amfanin da ban zata ba. Shekarata ta farko babu mai yi mini magana a wurin aiki fiye da gaisuwa, sai da na iya cewa wani abu game da wasan Asabar sannan hira ta buɗe. Sun gayyace ni zaman da suke yi a wajen filin tun da safe, kowa da murhun gashinsa a bayan mota. Giya da naman alade sun yi yawa a wurin, na faɗa musu ba na ci ba na sha, na tafi da tsirena da yajin ƙuli, naman kuma daga shagon Somaliyawa na saya, don suna da yawa a garin nan. Yanzu su ke tambayata yajin. Filin yana cin mutum sama da dubu 100, ɗalibai kuma ana yi musu rangwamen tikiti, don haka idan Allah ya kawo ka za ka shiga, a kan benci dai, da rigar sanyi biyu idan Nuwamba ta kama.

Ka turo mini sakamakonka na aji ɗaya da na biyu, da sunayen darussan da ka fi ƙarfi a kai, in ga sassan da suka dace. Ka fara neman fasfo tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Asabar ɗin nan muna karɓar Nebraska da ƙarfe 12 na rana, ƙarfe 5 na yamma ke nan a wurinku. Idan akwai wuta ka kalla, amma wannan karon ka bar bin ƙwallon da ido, ka tsaya a kan Howard kafin a miƙo masa ita, ka ƙirga abubuwan da yake yi da hannu da baki. Ka gaida Hajiya, ka ce mata saƙon kuka da daddawa ya iso.