Hukuncin zama da abokan aiki a teburin da ake shan giya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina aiki da wani kamfanin gine-gine a nan Jos. Maigidanmu Bajamushe ne, duk Juma'a da yamma sai a jera kwalaben giya a ofis. Ya ce a ƙasarsu al'ada ce, ba abin kunya ba. Ni ba na sha, amma a wurin ake rabon aikin mako mai zuwa. Zan iya zama da lemona?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka bai yi ƙarya ba, akwai yankunan Jamus da ake shan giya da abincin rana. A nan Filato ma, maƙwabtanmu da yawa suna kai burkutu gona ranar gayya. Sai dai al'ada tana yin hukunci ne a inda Shari'a ta yi shiru, kamar yawan sadaki ko yanayin sutura. A kan giya kuwa aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce: ku nisance ta.

Wannan uzurin ma an taɓa kawo shi gaban Annabi (SAW). Abu Dawud ya ruwaito cewa Dailam al-Himyari ya ce masa ƙasarsu akwai sanyi, ga aiki mai wahala, suna yin abin sha da alkama don su ji ƙarfi. Annabi ya tambaye shi: yana bugarwa? Ya ce eh. Ya ce to ku nisance shi. Ka ga sanyi, ka ga aiki, ka ga hatsi, kamar da mutanen Jos ake magana a watan Disamba! Kuma kada ka ruɗu da "kwalba ɗaya ce": abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Zaman kuwa, Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Lemon hannunka bai fitar da kai daga hadisin ba. Mafi muni a aike ka sayo ta, ko ka miƙa wa wani, domin mai ɗaukarta da mai shayarwa suna cikin mutum 10 da aka la'anta a hadisi saboda giya.

Aikinka halal ne, albashinka halal ne, kada ka ajiye aikin. Ka sami maigidan a keɓe, cikin ladabi, ka roƙi a gama rabon aiki kafin a buɗe kwalba. Sau da yawa matsalar daga kunyarmu take, ba mu faɗa ba. Idan ya ƙi, kuma rashin zuwan zai jawo maka kora, ka tsaya can gefe ka karɓi umarninka ka fita, ba tare da zagin kowa ko ɗaure masa fuska ba. Wallahu a'alam.